Zanen ɗigo-ɗigo na wasannin bidiyo: nawa ɗan Diffa zai sa wa aikin hannunsa?

Tun da ayyukan ƙungiyoyin agaji suka ja baya a jihar Diffa, matasan da ke cin abinci da zane a kwamfuta da salula sun fara leƙa kasuwannin intanet. Ɗaya daga cikin ayyukan da suke tararwa a can shi ne zanen piksel na ƙananan wasannin bidiyo. Aikin ya dace da wuri irin namu, domin tsohuwar kwamfuta da rezo mai rauni sun ishe shi. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin faɗin kuɗi.

Kwanakin baya ɗan wani abokina, yaro ɗan asalin Foulatari da ke karatu a nan Diffa, ya same ni da salularsa a hannu. Ya ce, "Baba, duba wannan saƙon ka ba ni shawara." Wani mutum ne a Turai da ke haɗa ɗan ƙaramin wasan bidiyo shi kaɗai, ya ga zane-zanen yaron a intanet, yana so a zana masa jarumin wasan: yana tsaye, yana tafiya, yana kai sara, yana faɗuwa. Girman hoton ɗigo 32 a tsaye, ɗigo 32 a kwance. Ya rufe saƙon da tambayar da kowane mai sana'a ya sani: nawa ne?

Na tambaye shi abin da yake shirin faɗa. Ya ce jika 5. Hujjarsa ita ce katin gayyatar biki yakan yi shi jika 2, wannan hoton kuwa ko farcen babban yatsa bai kai ba, to jika 5 ma yana jin kamar ya tsuga. Na ce, "Ɗana, zauna mu yi lissafi tukuna."

Abin da ya kai su intanet

Kafin lissafin, ya kamata a san dalilin da ya sa yaro daga ƙaramar hukumar makiyaya ta gundumar Maine-Soroa yake ciniki da Bature a kan hoto. Tun hare-haren da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015 da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, tattalin arzikin jihar ya sauya kama. An hana hawa babur, an taƙaita cinikin tattasai da na kifi na tsawon shekaru, dubban ɗaruruwan mutane suka bar matsugunansu. A madadin haka garin Diffa ya cika da ƙungiyoyin agaji, kowace da bandarol ɗinta, da allon furoje, da riguna masu tambari, da takardun faɗakarwa masu hotuna. Daga nan ne wasu matasa suka koyi zane a kwamfuta, suka mayar da shi abin dogaro.

Wannan rijiyar ce ta fara ƙafewa. A watan Nuwamban 2024 hukumomin Yamai suka janye wa ƙungiyar Acted da APBE izinin aiki. A watan Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa, wato CICR, ta bar ƙasar. A daidai lokacin kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗaɗen USAID, waɗanda furoje-furoje da yawa ke rayuwa a kansu. Mai buga bandarol ba ya cikin lissafin waɗanda abin ya shafa idan ana rahoto, amma shi ma ya ji a jikinsa. A ɗaya gefen, intanet na Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance a watan Maris na 2025. Ƙofa ɗaya ta rufe, wata ta ɗan buɗe, yaran suka leƙa.

Mene ne zanen ɗigo-ɗigo

Duk hoton da ke fuskar salula ƙananan ɗigogi ne masu kusurwa huɗu, jere kamar tubala. Ɗigo ɗaya shi ne piksel. A hoton da kyamara ta ɗauka ɗigogin sun kai miliyoyi, ido ba ya rarrabe su. A zanen ɗigo-ɗigo kuwa mai zane ne ke ajiye kowane ɗigo da hannunsa, cikin fili ƙarami da launuka ƙidayayyu. Duk wanda ya buga Super Mario na 1985 a shagon gem na unguwa ya san kamanninsa. A wancan zamani ƙarancin ƙarfin na'ura ne ya tilasta shi. Yau zaɓi ne, kuma ƙananan masu haɗa wasanni, waɗanda ba su da kamfani babba a bayansu, su ne suka fi riƙe shi. Wasan noma na Stardew Valley, wanda Eric Barone ya yi shi kaɗai cikin sama da shekara 4 ya fitar a 2016, da irin wannan zane aka yi shi, kuma an sayar da sama da kwafi miliyan 30. Wasan Celeste na 2018 masu haɗa shi suna Kanada, amma zanen daga hannun masu zanen Brazil na MiniBoss ya fito. Ke nan ba lallai mai zane ya zauna ƙasa ɗaya da mai wasa ba.

Mutumin Diffa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin yana da irinsa a kansa. Hular zanna da ake kawowa daga Borno, da wadda matan da suka gudo daga can suke ɗinkawa a unguwanninmu, ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya a kan zanen da aka shata. Hula biyu za su zo girma ɗaya, a sayar da ɗaya ninkin ɗaya sau da yawa, kuma ba wanda zai yi gardama. Mai saye yakan juya ta ya duba cikar zare, ya duba ko ɗinkin ya tafi daidai, ya san wannan ta ci makonni wancan ta ci kwanaki. Ba a taɓa jin wanda ya ce wa mai hula, ai ƙarama ce, ko riga ba ta kai ba. Kuskuren yaron nan na farko shi ne ya auna aikinsa da girma, abin da ba zai yarda a yi wa uwarsa ba idan ta saƙa faifai.

Lissafin

Fili mai ɗigo 16 sau 16 yana da ɗigo 256. Mai 32 sau 32 yana da 1,024. Mai 64 sau 64 yana da 4,096. Wato idan mai wasa ya ce "ɗan ƙara masa girma, ninka shi," filin aikin ya ninku sau huɗu. Wannan kaɗai ya isa a rubuta girman hoto a cikin yarjejeniya kafin a fara.

Sai motsi. Jarumi ba ya tafiya a wasa sai an zana shi gaɓa-gaɓa: ƙafar dama gaba, ta sauka, ta hagu ta taso, hannu ya bi, riga ta kaɗa. Na'ura ce ke jera hotunan da sauri har ido ya ga tafiya. Muka koma kan saƙon Baturen muka ƙirga. Tsayuwa gaɓa 2, tafiya 6, sara 4, jimla 12. Jarumin yana fuskantar ɓangare huɗu: gaba, baya, dama, hagu. Ana iya juya na dama ya zama na hagu, sai a zana ɓangare uku, gaɓa 36 ke nan. A ƙara faɗuwa gaɓa 5, sun zama 41. Idan kuma mai wasa ya dage takobi ya zauna a hannun dama ko ta ina jarumin ya juya, juyawar ba za ta yi ba, sai an zana ɓangare huɗun duka, gaɓa 53. Kalma ɗaya a cikin saƙo ta ƙara hoto 12.

Na tambayi yaron tsawon lokacin da gaɓa ɗaya ke ɗaukar masa. Ya ce wajen rabin awa idan zai yi ta da kyau. Gaɓa 41 sun haura awa 20. Ƙirƙiro kamannin jarumin tun farko, da zaɓen launuka, ya ce awa 3 ko 4. Gyare-gyare da musayar saƙo da Faransancin da sai an sake karantawa, a ba su awa 5. Aikin ya tashi kusan awa 30.

Jika 5 a raba wa awa 30, awa ɗaya ta tashi Sefa 167. Idan ta dandalin Fiverr aka yi cinikin, wanda ke cire kashi 20 cikin 100 daga hannun mai aiki, jika 4 za su rage, awa ta koma Sefa 133. Albashi mafi ƙaranci na doka a Nijar, SMIG, an ɗaga shi daga Sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024. A mako mai awa 40, wannan ya kama kimanin Sefa 240 a awa. Ashe yaron yana shirin sayar da gwanintar da ya yi shekaru yana koyo a kan wajen rabin kuɗin mai gadi ko mai shara, kuma mai gadi ba shi ke sayen forfe ba, ba shi ke biyan cajin batir idan NIGELEC ta ɗauke wuta ba.

A ɗaya ƙarshen, albashi mafi ƙaranci a Faransa ya haura Yuro 11 a awa, sama da jika 7 ke nan. Awa 30 a wannan ma'auni sun wuce jika 230. Da Baturen ya nemi maƙwabcinsa, ko ɗan koyo ne, daga nan za a fara magana. To tsakanin jika 7 na SMIG ɗinmu da jika 230 na nasu, ina ɗan Foulatari zai tsaya?

A ganina amsar tana farawa daga gida, daga abin da yake bukata ya rayu. Mu ɗauka yana son ya riƙa samun jika 150 a wata, ya biya haya, ya ci, ya aika wani abu ruga, ya ajiye na sauya kwamfuta ranar da ƙura da zafin bazara suka gama da ita. Mai aikin kansa ba ya sayar da dukan awoyinsa. Wasu na tafiya a neman masu aiki, wasu a koyo, wasu a jiran wuta ko rezo. Idan ya sayar da awa 80 a wata ya yi ƙoƙari. Awarsa ta tashi kusan jika 2, wato Yuro 3 da ɗan kai. Aikin awa 30 jika 60 ne. Don jika 60 su iso hannunsa bayan dandali ya cire nasa, sai ya faɗi jika 75, kimanin Yuro 114. A raba wa gaɓa 41, kowace ba ta kai Yuro 3 ba. A wurin mai wasan wannan har yanzu araha ce, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin abin da zai biya a ƙasarsa. A wurin yaron kuwa ninki 15 ne na abin da ya so faɗa.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, idan na faɗi haka ai gudu zai yi."

Tsoron nan ba na banza ba ne

Dole a ba shi gaskiyarsa. Ba shi da suna, ba shi da wasan da zai nuna ya ce ni na zana. A dandalin yana gogayya da masu zane daga Indonesiya, Filifin, Brazil, Pakistan da maƙwabciyarmu Najeriya. Na Najeriya ma suna da wani dalili na sauke farashi: tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 460 a Dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Dala 10 ta Amurka a hannun ɗan Maiduguri ta zama kuɗi mai kauri idan ya canza, alhali Sefar ɗan Diffa tana nan ɗaure da Yuro. Ƴan kasuwar Diffa, da ke ƙirga Naira da Sefa a aljihu ɗaya, sun fi kowa sanin wannan. Ga kuma ƙwararrun da manyan kamfanonin wasanni suka sallama, sama da mutum 10,000 a 2023 kaɗai, da yawansu sun faɗo kasuwar aikin kai.

Saboda haka sauke farashi a aikin farko ko na biyu, don a samu abin nunawa, ba laifi ba ne. Amma a yi shi ido buɗe: a rubuta cikakken kuɗin, a rubuta ragin da aka yi, a faɗi dalili. Wanda ya karɓi takarda mai cewa Yuro 114, ragi Yuro 40 saboda aikin farko ne, ya san farashin gobe. Wanda aka ce wa Yuro 8 kawai, ya tafi da cewa kuɗin yaron ke nan, kuma haka zai gaya wa abokansa. Mahaifin yaron nan makiyayi ne. Idan aka yi wa bijiminsa tayin wulaƙanci a kasuwar Maine, kalma ɗaya yake faɗa, "albarka," ya juya kai. Ɗansa ya iya Faransanci da kwamfuta, amma wannan kalmar ce bai koya ba tukuna.

Akwai tayin da ya fi araha haɗari. Mai wasa ya ce ba shi da kuɗi yanzu, a yi masa zane, idan wasan ya sayu a raba riba. Labarin Stardew Valley ne ke sa matasa faɗawa wannan rami. Sai dai a 2023 kaɗai an fitar da wasanni sama da 14,000 a dandalin Steam, mafi yawansu ba wanda ya ji ɗuriyarsu, kuma waɗannan su ne ma waɗanda aka gama. Da yawa a hanya suke mutuwa. Wanda ya sayu, Steam na cire kashi 30 cikin 100 kafin komai. Manomin tattasai na bakin Kumadugu ya san bashin da ake biya da buhu bayan girbi, ya kuma san yadda ambaliya irin ta 2019 da ta 2022 ke share gona da lissafin gaba ɗaya. Bambancin shi ne a can ɗan kasuwa ne ke ba manomi bashin mai da taki. A nan talakan ne ake so ya ba wanda ya fi shi bashin guminsa, ba shaida, ba kotun da zai iya kai shi. Rabon riba yana iya zama ƙari a kan kuɗin aiki. Idan shi kaɗai ne a kan tebur, gara yaron ya zana nasa wasan.

Dillali da hanya

Kashi 20 na Fiverr la'ada ce mai tsada, ba dillalin kara da zai nemi haka a bar shi lafiya. Amma yana yin aikin dillali na gaske: yana karɓar kuɗin mai saye ya riƙe kafin a fara aiki, ya saki bayan an gama, ko da yake sai an jira kwana 14 kafin sabon mai aiki ya iya cirewa. Wanda ya yi ciniki kai tsaye ya tsira da la'adarsa, amma shi ne zai zama dillalin kansa. Ƙa'idar tela ce: kafin alƙalami rabi, sauran rabin kafin a miƙa kaya. Har a biya, hoton da za a nuna ya zama mai tambari a kansa, ainihin fayil ɗin yana hannu.

Sai maganar yadda kuɗin zai iso Diffa, kilomita sama da 1,300 daga Yamai. An daɗe asusun PayPal mai adireshin Nijar biya kawai yake yi, ba ya karɓa, alhali ta nan ƙananan masu wasanni suka saba biya. Sai a koma ga banki, ko Western Union, ko ɗan'uwa a waje wanda zai karɓa ya turo ta Nita ko Amana ko Al Izza. Kowane mataki da abin da yake ci, kuma duk wannan kuɗin aiki ne, a cikin farashi ya kamata ya shiga. Waɗanda suka ga yadda takunkumin CEDEAO da UEMOA ya ƙuntata hada-hadar kuɗi daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 sun san hanya ɗaya ba ta isa.

Wace kuɗi za a ambata? Yuro. Tun 1999 Yuro ɗaya Sefa 655.957 ne, kuma ko da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, tana nan cikin UEMOA da Sefarta. Wanda ya faɗi farashi da Yuro ya san abin da zai shigo hannunsa ranar biya. Dalar Amurka tana hawa tana sauka. A nan ma a yi hattara da baki: dala a kasuwarmu Sefa 5 ce, kada yaro ya ji "dala ashirin" kansa ya tafi ga ɗari ɗaya ta mai shayi.

Abin da ake sayarwa

Wani abin da yaron bai taɓa tunani a kai ba shi ne wa ke da hoton bayan an biya. Hula idan an saye ta ta tafi. Zane kuwa ana iya sa shi a wasa ɗaya, ko a wasa na biyu da na uku, a buga shi a riga, a sayar wa wani kamfani. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar ta 2010 ta ba mai zane haƙƙi a kan aikinsa tun daga lokacin da ya ƙirƙire shi, akwai kuma hukumar BNDA a Yamai da ke kula da wannan fanni. Amma BNDA ba za ta bi wani mutum a Poland ko Kanada kan Yuro 100 ba. Abin da ke kare mai zane a aikace shi ne layuka kaɗan a rubuce: izinin amfani a wasa ɗaya ne ko mallaka ce gaba ɗaya, gyara sau nawa ne kyauta, za a sa sunansa a jerin waɗanda suka yi wasan, kuma yana da damar nuna aikin ga wasu masu saye. Mallaka gaba ɗaya ta fi tsada. Gyara na uku ana biyansa. Sunan kuwa kada a sayar da shi ko nawa ne, domin shi ne zai kawo aiki na gaba.

Idan haƙƙin ya zauna a hannun mai zane, wata kasuwa na buɗewa. A dandalin itch.io masu zane na sayar da ƙunshin hotuna da aka riga aka gama: ƙasa, itatuwa, gidaje, dabbobi, waɗanda mai wasa zai jera kamar tubala ya gina duniyarsa. Ana zana su sau ɗaya, a sayar wa mutum ɗari. Dandalin ya bar wa mai kaya ya zaɓi kason da zai ba shi, abin da aka saba kashi 10 ne. Wanda ya zagaya wurin zai tarar da gidajen sarakunan Turai da dazuzzukansu da jiragen sama jannati har sun gundure shi. Rumbu da goriba, rijiyar makiyaya da jakai ke ja, tuddan yashi na Manga, kwale-kwale a Kumadugu, jan tattasai shanye a rana, shanun Kuri masu kumburarren ƙaho na tafkin Chadi, waɗannan sai an tona kafin a ga mai kama da su. A wannan fagen ɗan Foulatari ba ya gasa da ɗan Jakarta. Ya san yadda saniya ke kwanciya, gaba ta fara durƙusawa, kuma ya san yadda take tashi.

Inji fa?

Tun 2022, da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka bazu, ana ta cewa sana'ar zane ta mutu. A ƙasan kasuwa maganar tana da ƙamshin gaskiya: mai neman hoton Yuro 5 yanzu yana iya samunsa kyauta. Wannan ma wani dalili ne na kada yaro ya kafa rumfarsa a can. Amma wasa ba hoto ɗaya yake so ba. Yana son gaɓa 41 da jarumin bai sauya fuska a cikinsu ba, ɗigogi zaune daidai a layinsu, launuka ba su wuce adadin da aka yanke ba. A nan injin yakan yi tuntuɓe, sai an nemi mai hannu ya gyara. Tun Janairun 2024 Steam ta wajabta wa masu wasanni su bayyana idan sun yi amfani da irin wannan fasaha, masu saye da yawa kuma suna ƙyamar abin. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce hoton da inji kaɗai ya yi ba shi da kariyar doka, wanda ke nufin kowa na iya ɗauka. Hulunan inji sun cika kasuwa shekara da shekaru, sun kashe cinikin hula mai arha, amma ango da mai sarauta har yau ta hannu suke nema.

Kasuwar gida kuwa ƙarama ce tukuna. A Yamai Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da wasan Les Héros du Sahel, a Kamaru kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, a Legas akwai Maliyo Games, a Ghana da Kenya akwai Leti Arts. Waɗannan ba za su iya biyan farashin Turai ba, kuma babu aibu mai zane ya kasance da farashi biyu, na gida da na waje, kamar yadda mai tattasai ke da na mudu da na buhu. Abin da hukumomi za su iya yi bai kai gina wata cibiya ba. Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014, da cibiyoyin koyar da sana'o'i na jihar suna iya ƙara darasi ɗaya a kan koyar da manhaja: yadda ake ƙirga awa, a rubuta takardar farashi, a karɓi kuɗi daga waje ta hanyar da doka ta sani. Kayan aikin ba su da tsada. Aseprite, manhajar da ƙwararru suka fi amfani da ita, kimanin Dalar Amurka 20 ce sau ɗaya, LibreSprite da Piskel kyauta ne, fayil ɗin aikin kuma bai kai nauyin saƙon murya ɗaya na WhatsApp ba.

Yaron ya tura takardarsa da yammacin ranar: gaɓa 41, Yuro 114, ragin Yuro 24 na aikin farko, gyara biyu kyauta, izinin wasa ɗaya, suna a jeri, rabi kafin a fara. Kwana biyu ba amsa, ya daina gaishe ni da fara'a. A rana ta uku Baturen ya rubuto cewa Yuro 60 yake da su. Yaron bai sauke kuɗin gaɓa ba, aikin ya rage: suka cire sara da faɗuwa zuwa wani lokaci, aka bar tsayuwa da tafiya a ɓangare uku, gaɓa 24. Yuro 30 na kafin alƙalami sun bi ta hannun wani ɗan'uwansu da ke Lyon, suka iso Diffa ta Nita bayan kwana biyar, an ci wajen jika 2 a hanya.